Hukuncin Ajiye Aku a Keji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bana a darasin hadisi wani ɗan ajinmu ya tambayi Malam ko ya halatta a sayi aku a ajiye a gida. Mu dai mun ɗauka amsar a fili take, tunda Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Annabi (SAW) bai hana ba. Daga nan malamai suka ce ya halatta, matuƙar ana ba shi ci da sha.

Sai Malam ya ce, to ta yaya akun ya zo hannun mai sayarwa? Nan fa aji ya yi tsit. Ya kawo ruwayar Abu Dawud, inda Sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata. Akun nan mai jan bindi, da muke sha'awa don yana kwaikwayon magana, yawanci haka ake samunsa: a shafa danƙo a reshe, ko a kwashe 'ya'yan daga kogon itace, da yawa kuma su mutu a hanya. A Ghana, nan kusa da mu, bincike ya nuna aƙalla kashi 90 cikin ɗari sun ƙare daga 1992. A 2016 yarjejeniyar CITES, wadda Togo ke cikinta, ta hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe.

Wanda ya riga ya mallaka fa? Malam ya ce kada ya sake shi a Kpangalam, yunwa ko muzuru za su gama da shi. Ya riƙe shi da amana, kuma ya sani tsuntsun yana iya kai shekara 40. Sabo kam, kar a saya.