Ƙaurar Windows Daga Tsohon Faifai Zuwa Sabo

Tun da aka dawo hutu, ɗalibai uku suka zo mini da kuka iri ɗaya. Kowa ya ce kwamfutarsa ta tsufa, in ya kunna ta sai ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama farkawa ba, ga kuwa lokacin miƙa kundin bincike ya matso. Biyu daga cikinsu har sun fara tunanin sayar da tasu su ciwo bashi su sayi wata. Na duba, na ga duk lafiyarsu lau, faifan ajiya ne kaɗai ke ja musu baya. Tun da yake na san ba su kaɗai ke fama da wannan ba, har da waɗansu malamai, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda a ke canja faifan, da inda mutane su ke yin tuntuɓe.

Mu fara da sanin abin da ke ciki. Tsohon faifai, wanda a ke kira HDD, kusan garmaho ne. Wanda bai taɓa ganin garmaho ba ya tambayi kakansa. Akwai faranti mai juyawa, akwai hannu mai kai da kawowa a bisansa yana karatu. Na kwamfutar cinya yawanci yana juyawa sau 5400 a minti guda, na tebur sau 7200. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, kamfanin IBM na Amurka ya fito da ita tun 1956, da faranti hamsin cikin akwati mai girman kabad, abin da ya ke ɗauka kuwa bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani ba. Sabon, watau SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. 'Yan ƙwayoyi ne masu riƙe bayani da lantarki, dangin waɗanda ke cikin filashi, waɗanda Fujio Masuoka ya ƙago a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980.

To, me ya kawo nawa? Sa'ad da Windows ke tashi, ba babban abu guda ta ke karantawa ba, dubban ƙananan fayiloli ne warwatse ko'ina bisa faranti. Kowane ɗaya sai hannun nan ya tafi wurinsa, ya jira faranti ya juyo da shi. Wannan jira kamar kashi ɗaya ne cikin ɗari na sakan. Kaɗan ne, amma ku riɓa shi sau dubbai ku gani. SSD kuwa jiransa wajen kashi ɗaya ne cikin dubu goma. Nan ribar ta ke, fiye da manyan lambobin da a ke bugawa a jikin kwali.

Kafin ka ba da kuɗinka, san irin ramin da kwamfutarka ke da shi. Akwai SSD mai siffar ƙaramin akwati, inci biyu da rabi, mai shiga daidai inda tsohon ya fito, bakinsa SATA. Akwai kuma siriri mai kama da guntun rula, M.2, wanda yawanci faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80. Shi wannan siriri iri biyu ne, na SATA da na NVMe, sun yi kama a ido amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Dubi littafin kwamfutarka, ko ka ɗauke ta ka tafi da ita kasuwa. Kada kuma ka yi mamaki in ka sayi mai gigabait 256 Windows ta nuna maka 238, ba cutarka aka yi ba, hanyar ƙirga ce ta bambanta. Amma fa akwai jabu, mai araha fiye da kima, wanda ke faɗin girman da ba shi da shi. Wata 'yar manhaja ta kyauta, H2testw, takan cika faifai da rubutu ta sake karantawa, ta tona asirinsa.

Yanzu ga babbar magana, ina so a lura da ita da kyau. Ba a ƙaurar da Windows ta hanyar kwafe fayiloli yadda a ke kwafe hotuna zuwa filashi. Abin da ka ke gani da sunan C: ɗaki guda ne kurum cikin gidan. Gaba da shi akwai ɗan zaure wanda a ke ɓoye maka, girmansa bai fi megabait ɗari ko 'yan ɗaruruwa ba, sunansa sashen EFI. Da ka danna makunni, ba Windows ke fara tashi ba. Wani mai gadi ne da ke zaune cikin babban allon kwamfuta, dā ana ce masa BIOS, yanzu UEFI. Shi ba ya shiga cikin gida, zauren nan kaɗai ya sani, nan ya ke samun wanda zai tashi Windows. In ka kwashe kayan ɗaki kaf ka kai sabon gida ba ka gina zaure ba, mai gadi zai zo ya tsaya, ya rubuta maka bisa baƙin allo cewa bai ga abin da zai tasa ba.

Na ga wannan da idona shekarar bara. Wani ɗalibi ya kwafe jakar Windows da hannu zuwa sabon SSD, ya ga komi ya shiga, murna ta kama shi, ya share tsohon faifai nan take don ya sayar. Kwamfuta ta ƙi tashi. Wannan da sauƙi, ana iya sake zubawa. Abin da ya sa shi hawaye shi ne babi uku na kundinsa suna cikin wata jaka da bai kwafe ba. Sauri ya haifi nawa, sai da ya sake rubuta su daga takardun fensir.

Hanyoyi na gaskiya biyu ne. Ta farko ita ce a yi wa tsohon faifai tagwaye, watau a sa manhaja ta kwafe shi ɗungurungum, da zaure da ɗaki da ɓoyayyun sassa. Ana haɗa sabon da kwamfuta ta wata 'yar waya mai bakin USB. Masu yin SSD da yawa suna ba da manhajar kyauta, kamar Samsung Data Migration, ko Acronis da Crucial ke bayarwa, sai dai kowacce tana son ta ga faifan gidansu. Akwai kuma Clonezilla, ta kowa ce, amma fuskarta ba ta da fara'a ga sabon shiga, kuma ta fi son sabon faifai ya kai tsohon girma. In tsohon naka mai gigabait 500 ne, sabon 256, tilas abin da ke ciki ya kasa 256 da rata mai kyau. Sai ka fara kwashe finafinai da waƙoƙi waje ɗaya.

Manhajar za ta tambaye ka abu biyu: wanne za a kwafo, wanne za a zuba wa. Tsaya nan. Karanta sunan kowanne da girmansa, sa'an nan ka sake karantawa. Wanda ka nuna a zuba wa, duk abin da ke cikinsa ya tafi. In ka juya su, ka kwafe wofi ke nan ka zuba bisa aikin shekara uku, ba kuwa wata tambaya da za ta cece ka bayan ka amsa. Saboda haka tun kafin ka taɓa komi, kundinka da takardun gwajin koyarwa da hotunan gida su kasance suna cikin filashi, filashin kuwa yana aljihunka, ba a jikin kwamfuta ba. A tabbata batir ya cika ko janareta na aiki, don aikin yakan ci daga rabin sa'a zuwa sa'o'i biyu ko fiye, wutarmu kuwa kun san halinta. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya nemo mabuɗinsa na lambobi 48 ya rubuta a takarda, yawanci yana cikin asusunsa na Microsoft.

Hanya ta biyu ita ce sabuwar zubawa. Ka samo filashi mai gigabait 8 ko fiye, ka sauko da Windows daga shafin Microsoft, ka zuba ta a sabon faifai, sa'an nan ka dawo da takardunka da manhajojinka ɗaya ɗaya. Ta fi wahala, tana kuma cin data. Amma ni, in kwamfuta ta shekara biyar tana tara tarkace, ko an taɓa zarginta da ƙwayar cuta, ita na ke zaɓa, gama tagwaye yakan kwaso cutar tare da mai ita. Kada ka ji tsoron lasisi: na Windows 10 da 11 yawanci yana ɗaure da babban allo ne, canja faifai ba ya kashe shi. Af, tun da an zo nan, Microsoft ta daina kula da Windows 10 ta yau da kullum ran 14 ga Oktoba 2025. Wanda kwamfutarsa ke da UEFI da TPM 2.0, injinta kuma na cikin waɗanda aka yarda da su, gara ya zuba 11 gaba ɗaya. Wanda tasa ba ta kai ba, Linux Mint ko Ubuntu za su yi masa rubutu da bincike ba tare da ko kwabo ba.

Ko wace hanya ka bi, tashin farko a yi shi tsohon faifai yana waje. Ga dalili. In ka yi tagwaye ka bar su duka a ciki, mai gadi yana iya komawa gidan da ya saba, kai kuwa kana zaton a sabo ka ke, kana mamakin rashin sauri. In sabuwar zubawa ce, Windows takan ga akwai zaure a tsohon faifai, sai ta ƙi gina wani, ta yi amfani da wancan. Komi zai yi ta tafiya daidai har ran da ka share tsohon, ran nan kwamfuta ta mutu maka a hannu. Don haka kashe ta, cire caja, cire batir in mai cirewa ne, taɓa ƙarfe don lantarkin jikinka ya sauka, kwance notuna da ƙaramin sukudireba ka jera su cikin murfin kwalba. In ka kunna ba ta tashi ba, kada hankalinka ya tashi. Shiga wurin mai gadi, F2 a Dell, F10 a HP, ka sa Windows Boot Manager na sabon faifai a kan gaba.

Bayan ta tashi, ba wani reno mai yawa. Kada ka sa tsofaffin manhajojin nan masu tattara gutsattsarin fayiloli, SSD ba ya bukatarsu, rubutun banza kawai su ke ƙara masa. Windows da kanta takan gane shi, ta riƙa yi masa sharar da a ke kira TRIM. Shawarata kada a cika shi maƙil, a bar masa wajen kashi ɗaya cikin biyar. Amma akwai halinsa guda da ya kamata ku sani. Tsohon faifai in zai mutu sau da yawa yakan yi ƙara, ya yi ta tangaɗi kwana da kwanaki. SSD yana iya ɗaukewa shiru, kuma abin da ka share a cikinsa, saboda sharar nan ta TRIM, da wuya wani gwani ya dawo maka da shi.

Tsohon faifan fa? Naɗe shi cikin takarda, rubuta kwanan wata a kai, ka jefa cikin akwati mako biyu. Cikin kwanakin nan buɗe kowane babi na kundinka, gwada na'urar buga takardu, duba ko haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa yadda ka saba. In wani abu ya ɓace, yana nan cikin akwati. Bayan mako biyu sai ka saya masa 'yar riga mai bakin USB, ka share shi, ka mai da shi rumbun da za ka riƙa zuba kwafin aikinka kowace Jumma'a.