Me Ya Sa Ake Sayen Man Bilicin Alhali An San Illarsa?

Maman Ummi daga Kwarbai, cikin birnin Zariya, ta ce ƙanwarta ta san man bilicin yana ɓata fata, amma ta kasa daina saye. Mene ne dalili?

Mun gode, Maman Ummi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan. Tun 1954 wani masani ɗan Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne da na kusa da shi. Ƙanwarki ta je biki, ta ga ƙawayenta sun yi haske ana yabonsu, sai ta raina launinta. Ga kuma gaggawar zuciya: hasken yau take ganinsa, illar kuwa sai daga baya. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, shi ya sa hukumar NAFDAC ke ta gargaɗi a kansu.

Don Allah kada ki yi mata gori, gori na ƙara mata raina kanta. Ki lallaɓa ta ku je wajen likitan fata a asibitin koyarwa na Shika, domin wasu mayukan ba a barinsu lokaci guda sai da kulawar likita.