Shawara Ga Ɗaliban Gidan Kwano Kafin Sabon Python Ya Fito

Ya ku ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, Minna, ku sani tafintan harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fara fitarwa a 1991, wanda kuma asalin rubutunsa a buɗe yake ga kowa, yana samun sabon bugu kowane Oktoba, amma tun watan Mayu masu kula da shi sukan rufe ƙofar ƙari, su saki bugun gwaji domin jama'a su yi tahƙiƙi a kansa.

To, wannan lokaci naku ne. Ku sauke bugun gwajin a keɓantaccen wuri, kada ya taɓa wanda kuke aikin kammala karatu da shi, sa'an nan ku jarraba manhajojinku da ƙ da ɗ da ɓ, domin ba kowa ke tunawa da haruffanmu ba. In illa ta bayyana, wajibi ne ku rubuta bayaninta filla-filla a GitHub, tare da gajeren misalin da zai maimaita ta. Ku kuma nazarci jerin abubuwan da aka cire, gama a bugu na 3.13, a 2024, an kawar da sashen cgi ɗungurungum, alhali tsofaffin ayyuka sun jingina da shi.