Tsamin Nonon Bakin Hanya

Matafiyi daga Kano zuwa Zariya ba ya rasa masu tallan fura da nono a tasha. Shin me ya sa madara ke lalacewa da wuri, amma nono ya kwana lafiya? Wasu ƙananan halittu ne, irin su Lactobacillus, ke cinye sukarin madara su mai da shi tsami. Tsamin ke sa kindirmo kauri, ya kuma hana yawancin ƙwayoyin cuta hayayyafa. Sai dai ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar tarin fuka ta shanu. Wannan sai tafasawa. Ni kam nakan tambaya ko an dafa madarar, sannan in dubi ruwan damu, domin ta nan taifot kan shigo.