Darasi na 14: Fijo da Beetle, Wace ce Ta Fi?

Ɗalibai, in kun tambayi dattawan Jimeta motocin da suka yi tashe lokacin da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, za su ambaci guda biyu: Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo, da Volkswagen Beetle, mai doro kamar kunkuru. Ku karanta, ku lura da yadda ake kwatanta abu biyu.

Asalin Fijo daga Faransa ne. An fara ƙera ta a 1968. Beetle kuwa daga Jamus ta fito, kuma ta girmi Fijo nesa ba kusa ba. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, na Volkswagen kuma a Legas.

Babban bambancinsu yana wurin inji. Injin Fijo a gaba yake, kuma ruwan lagireto ne yake sanyaya shi. Injin Beetle a baya yake, ba ya bukatar ruwa, domin fanka ce take hura masa iska. Saboda haka mai Beetle ba ya fargabar lagireto ya tafasa a zafin bazarar Jimeta, amma dole ya riƙa duba baƙin mai. Nauyin injin yana danne tayoyin baya, shi ya sa ba ta cika kafewa a yashi ba.

Wajen ƙarfi, Fijo ce a gaba. Injinta mai lita 2 yana da ƙarfin doki kimanin 90, tana kuma iya gudun kilomita 160 a awa ɗaya. Injin Beetle mai lita 1.6 ƙarfin doki 50 gare shi, gudunta bai wuce kilomita 130 ba. Fijo tana da ƙofa huɗu, Beetle biyu kacal. Doguwar Fijo tana da layin kujeru uku, kuma ba ta jin gargada. Wannan ne ya sa direbobin haya suka dogara da ita wajen jigilar fasinja daga Jimeta zuwa Mubi, Numan da Gombe.

To, me ya sa malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka fi sayen Beetle? Domin ta fi araha, gyaranta kuma ya fi sauƙi. Direban haya da ya sayi Beetle zai yi asara, don ba ta ɗaukar fasinja da yawa. Ma'aikacin da ya ci bashi ya sayi Fijo don zuwa ofis kaɗai, shi ma ya ɗora wa kansa nauyi. Ashe kafin a ce wannan ta fi waccan, sai a tambaya: a wane aiki? Hausawa sun ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sababbin Kalmomi
tashe: lokacin da abu ya yi farin jini
harhaɗa: haɗa sassa wuri ɗaya
kafewa: kasa motsi a yashi ko laka
gargada: rashin kyan hanya
araha: sauƙin kuɗi

Nahawu: Kwatanci
Ana amfani da "fi" da "kai". Sifar da ake kwatantawa tana zuwa a ƙarshe:
Fijo ta fi Beetle gudu.
Beetle ba ta kai Fijo tsada ba.

Tambayoyi
1. A wane gari aka harhaɗa kowace mota?
2. Me yake sanyaya injin Beetle?
3. Don me direbobin haya suka zaɓi Fijo?
4. Mece ce ma'anar karin maganar da ke cikin darasin?

Aiki
Ku rubuta jimloli biyar kuna kwatanta babur da keke, ku yi amfani da "fi" da "kai".