Gadon Da Ke Cikin Ƙwayar Shinkafa

Ya kai manomi, ko ka taɓa ganin gonaki biyu a fadama ɗaya, ruwansu ɗaya, takinsu ɗaya, amma shinkafar wannan ta yi ɗorawa ta tsugune, ta wancan kuwa kore shar? Wani ya ce sa'a ce, wani ya ce baki ne. Sau da yawa amsar tana cikin irin da aka shuka.

Me ke cikin iri?

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowace ƙwayar shinkafa tana ɗauke da ƙwayoyin gado dubbai, jere a kan igiyoyi 12 da ke zuwa biyu-biyu. Su ke yanke tsawon kara da tsawon kwanakin nuna. A cikinsu akwai masu aikin gadi. Da cuta ta shiga ganye, mai gadi ya gane ta, sai tsiron ya kashe ɗan wurin da ta shiga don kada ta bazu, kamar yadda ake share gefen gona saboda gobarar daji. Irin da ba shi da mai gadin nan, sai cuta ta ci ƙarfinsa sannan ya farga.

Ina ake samo masu gadin?

Galibi a wurin da aka raina. Akwai wata shinkafar daji a ƙasar Mali wadda manoma ke ɗauka ciyawa ce. Masana a cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin suka ga cutar ƙunar ganye ba ta kama ta, suka yi barbararta da shinkafar gida. A 1995 Pamela Ronald ta Jami'ar Kalifoniya ta ware ainihin ƙwayar gadon, mai suna Xa21. Haka kuma Monty Jones, mutumin Saliyo, ya aurar da shinkafarmu ta gargajiya ta Afirka, mai juriyar wahala, da ta Asiya mai yawan 'ya'ya, aka sami NERICA. Wannan aiki ya ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004.

A nan gida, akwai ɗan ƙudan da tsutsarsa ke shiga zuciyar shinkafa, ganye ya naɗe ya zama kamar na albasa, ba zai fid da kai ba. Ya yi mummunar ɓarna a Abakaliki a 1988. Bayan shekara goma aka fito da FARO 51, irin da asalinsa daga Indunusiya ne, saboda yana jure wannan ƙwaro.

To, a yi hattara

Shi ma ƙwaro yana da nasa gadon. A 1973 IRRI ta fito da irin IR26, mai ƙwayar gado ɗaya tak da ke kare shi daga wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa mai tsotsar kara. Manoman Asiya suka rungume shi, ko'ina shi ne. Amma cikin miliyoyin ƙwari akwai 'yan tsiraru da kariyar ba ta dame su ba. Su suka rayu, suka hayayyafa, cikin kusan shekara uku suka cinye gonaki. Sai da aka maye gurbin IR26 da IR36.

Manoman lardin Yunan na ƙasar Sin sun bi wata hanya a 1998 da 1999. Suka riƙa shuka layin irin da cutar tabon ganye ke kamawa a tsakanin layukan mai juriya. Cutar ta ragu ƙwarai, har suka daina fesa mata magani.

Abin yi

Na farko, in za ka sayi iri, tambayi malamin gona wace cuta yake jurewa, don ba irin da ke jure kowace cuta. Na biyu, kada gari guda ya dogara ga iri ɗaya shekara da shekaru. Na uku, in irin da ka sani da juriya ya fara kamuwa, kai rahoto da wuri. Na huɗu, kada ka yar da tsohon irin kakanninka don sabo ya zo. Ajiye ko da mudu guda ne, ka riƙa shuka shi a gefen gona don kada ya mutu. Ita ma ta Mali ciyawa ake ce mata kafin a san abin da ke cikinta.