Kafin Ku Buga Kalandar Bana

Shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan kwamitin biki, daga Fadan Kagoma har Kafanchan, da ku nake. Sana'ata tsara fosta da kalanda, kuma ina aiki da ƙirƙirarriyar basira a shagona. Takan goge mini bayan hoto, ta fito da fuskar dattijo daga tsohon hoton da ya koɗe, aikin da a da yake cinye mini yini.

Abin da ke damuna shi ne hotunan gargajiya da ake turo mini ta WhatsApp, a ce in ɗora a kalanda. Matashi ya nemi na'ura ta zana masa mai rawar Gwong, wato mutanen Kagoma, sai ta ba shi wani dogo da jan mayafi da tulin duwatsun wuya irin na Masai na Kenya. Hoton ya yi kyau, amma kai shi gaban kakarsa ka ji ko za ta ce ɗan gida ne. Na'urar daga abin da aka zuba a intanet take koyo, namu kuwa kaɗan ne a can, inda ba ta sani ba sai ta cike da na wasu. In muka buga shi, muka watsa a Facebook, gobe shi za ta riƙa nuna wa duniya da sunanmu.

Alhali muna da namu abin koyi. A ƙasar nan aka tono kan yumɓu na Nok a 1943, a yankin Jama'a. Sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gane darajarsa. Ku dubi idanun irin waɗannan kawuna: mai kusurwa uku, an huda ƙwayar, an huda hanci da baki. Hudar na taimaka wa tururi ya fita kada yumɓun ya fashe a wuta. Wanda ya ƙera shi fiye da shekara 2000 da suka wuce ya san ƙasarsa da hannunsa, kyan da dabarar tare suka zo masa.

Don Allah, ku ware kuɗin mai ɗaukar hoto a kasafin bikin bana. Ku ba yaranmu masu zane aikin bangon kalanda, ku biya su. Ku sa dattawa su duba tufafi da ganguna kafin a kai maɗaba'a, sannan a rubuta sunan unguwa da shekara a ƙarƙashin kowane hoto.